Takardar Zuriya: Kafin Mu Buga Hatimi

*Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a babban taron ƙungiya a nan Jalingo*



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu a nan lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Malam shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, masu unguwanni da suka amsa gayyata, iyayenmu mata, da ku samari da ke tsaitsaye a bakin ƙofa, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Kwamiti ne ya ɗora mini in yi magana a kan shawarar da aka kawo a zaman da ya wuce, watau ƙungiya ta buɗe littafin zuriya, kana ta riƙa ba kowane gida da kakanninsa suka daɗe a ƙasar Muri takarda mai hatimi, wadda za ta nuna wane ɗan wane ne, jikan wane, daga gari kaza kakansa ya taso, a zamani kaza ya sauka. To, bari in faɗi matsayina tun da farko don kada in wahalar da ku. Littafin nan ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Takardar ce nake so mu zube ta a tabarma mu auna da mudu, domin ni ɗan hatsi ne, ba na sayen buhu a ɗinke.

Tun ranar da maganar ta fita, mutum uku suka tare ni a kasuwa, kowanne da tambaya iri ɗaya: “Alhaji, ashe ƙungiya za ta fara ba da indijin?” Kun ji inda matsalar ta fara. Jama'a, don Allah a kai wannan saƙo gida-gida: ba mu da ikon ba kowa takardar indijin. Wannan takarda ta ƙaramar hukuma ce, shugabanta ko wanda ya wakilta shi ke sa hannu, bayan mai unguwa da hakimi sun shaida mutum. Idan yaro ya ɗauki takardar ƙungiya ya kai wurin ɗaukar soja ko ɗan sanda, dariya za a yi masa, idan ma ba a ce jabu ya kawo ba.

Ya kamata mu san daga ina ita takardar gwamnatin ta samo ƙarfinta, domin da yawa daga cikinmu muna kuka da ita ba mu san uwarta ba. Tsarin mulkin 1979 shi ya shigo da abin da ake kira raba daidai, watau a riƙa raba muƙaman gwamnatin tarayya yadda wata jiha ko wata ƙabila ba za ta mamaye ba. Tsarin mulkin 1999 ya ci gaba da shi a sashe na 14. A sashe na 147 kuma ya ce dole shugaban ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ministan ya kasance ɗan asalin jihar. Da aka zo fassara wanda ake lissafawa ɗan jiha, a sashe na 318, sai aka ce shi ne wanda uwarsa ko ubansa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ya fito daga al'ummar da ke 'yar asalin jihar. Amma wace al'umma ce 'yar asali? Daga wace shekara ake fara lissafi? A nan tsarin mulkin ya yi shiru. A 1996, zamanin Janar Abacha, aka kafa Hukumar Raba Daidai, ita kuma a ƙa'idojinta ta ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalinta ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta yarda ta karɓe shi, sa'an nan ba a yarda mutum ya riƙe ƙananan hukumomi biyu ba. Kun ga ke nan an mayar da magana duka bakin alƙalamin mutum ɗaya. In ya so ka, kai ɗan gida ne. In wani ya hau kujerar bayan shekara uku bai so ka ba, ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya ya zama baƙo. Alhali kuwa shi wannan tsarin mulkin, a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin ya zauna inda ya ga dama, a sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito.

In za mu yi adalci, waɗanda suka shirya raba daidai ba mugunta suka nufa ba. Mu 'yan Arewa mun fi kowa cin moriyarsa, domin in da an bar abin sai mai takardar boko, da ma'aikatun tarayya sun cika ba mu ciki. Haka nan ƙananan ƙabilun jihar nan, in ka zauna da dattawansu za su gaya maka tsoronsu: su ba su da wata jiha sai wannan, in guraben 'ya'yansu suka tafi ba su da inda za su koma. Wannan tsoro na gaskiya ne, kada mu yi masa dariya. Wanda bai fahimci tsoron maƙwabcinsa ba, ba zai iya yin ciniki da shi ba.

Amma mu ma namu ciwon na gaskiya ne. Akwai abokin cinikina a wani gari da nake zuwa sayen doya, shi da mahaifinsa duk a garin aka haife su, kabarin kakansa yana nan. Ɗansa ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya je neman takarda, aka ce masa ya tafi garinsu. Uban ya haɗa kuɗin mota, yaro ya kama hanyar kwana guda zuwa wani ƙauye a ƙasar Katsina wanda sunansa kawai ya sani. Mai unguwar can ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi fura, ya ce yaro ni ban san gidanku ba, waɗanda za su san shi sun mutu, kuma ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba. Wallahi ban ga laifin dattijon nan ba. Yaro ya dawo hannu rabbana. A nan an ce shi na can ne, a can an ce shi na nan ne. Yanzu yana tura kaya a tasha. Mu a nan Jalingo, albarkacin daɗewar zama da sanayya da fada, gidaje da yawa ba su ɗanɗani wannan ba, shi ya sa wasunmu suke ganin maganar ba ta shafe su ba. Ta shafe ku, domin 'ya'yanku mata suna aure a garuruwan nan, jikokinku a can za a haife su.

Kuma kun san inda irin wannan magana ta kai wasu garuruwa. Zangon Kataf a 1992, a kan mayar da kasuwa aka fara. Jos a watan Afrilun 1994, a kan naɗa Alhaji Aminu Mato kantoman Jos ta Arewa aka fara, sa'an nan aka sake a Satumban 2001, aka sake a Nuwamban 2008. Ba sai mun je nesa ba ma: rikicin Tibi da Jukun a ƙasar Wukari a farkon shekarun 1990 da kuma 2001, da na Takum a 1997, duk in ka tone gindinsu tambaya ɗaya za ka tarar, wa ya riga wani zuwa. Saboda haka duk takardar da ta taɓa wannan tambaya, ko da ta ƙungiyar zumunci ce, garwashi ce, sai a ɗauke ta da kasko.

Yanzu bari mu zo kan tarihin garin da muke ciki, don wasu samarinmu na ji suna cewa kakanninmu ne suka sari dajin Jalingo. A'a, ku bi a hankali. Masarautar Muri, Hammaruwa ne ya kafa ta a 1817, shi kuwa ɗan'uwan Buba Yero na Gombe ne wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tsohon garin Muri yana can ƙetaren Binuwai ta arewa. Wannan wuri da muke zaune, mutanen Kona, waɗanda reshe ne na Jukun, da Mumuye suna kewaye da shi tun kafin nan. A ƙarshen 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci Kona da yaƙi, da taimakon igwar wani Bafaranshe mai suna Mizon, sa'an nan a 1893 ya kafa sansani a nan, sansanin ya zama gari, sarauta ta dawo cikinsa. Sunan Jalingo ma daga Fulatanci ne, daga kalmar rinjaye. Mutanen Kona ba su manta da wannan yaƙi ba, kuma ba mu da hurumin ce musu su manta. To, ka ga garin sarakunan Fulani ne suka kafa shi, a ƙasar da akwai mutane a cikinta. Mu Hausawa mun shigo ne ta ƙofar da muka saba shiga kowane gari: fatauci da malanta da sana'a.

Wannan kuwa ba abin kunya ba ne, kuma ba jiya aka fara ba. A 1854, da jirgin ruwan Turawa mai suna Pleiad ya hauro Binuwai ɗauke da Dokta Baikie da Samuel Ajayi Crowther, sun isa har Muri, wadda suka rubuta da sunan Hamaruwa, kuma Hausa ce ta yi musu amfani wajen magana da mutane a hanya. Harshe ba ya tafiya shi kaɗai, ƙafa ke kai shi. Fatake sun riga su zuwa, masu kawo tufafi da kanwa su sayi hauren giwa. Bayan an kafa Jalingo aka samu mahauta da marina da maƙera da dillalai da wanzamai da malaman allo, domin sansani ba ya zama gari sai da kasuwa da masallaci. Da Turawa suka zo suka yi lardin Muri, hedkwatarsa a Ibi, har 1926 da aka haɗe wannan ɓangare cikin lardin Adamawa. Sarki Muhammadu Mafindi ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1903 zuwa 1953, kuma in ka tambayi tsofaffin gidajenmu, da yawa za su ce maka kakansu a zamanin Mafindi ya zo. Wasu cinikin gyaɗa da auduga ya kawo su ta Lau lokacin da jiragen kamfani ke tsayawa. Wasu farin 1973 ya koro su, wasu na 1984. Da Janar Babangida ya yanke Taraba daga Gongola ran 27 ga Agustan 1991, Jalingo ta zama babban birni, sai wani sabon ayari ya shigo, magina da direbobi da masu shaguna. Na baya-bayan nan kuma su ne 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Zamfara da Katsina.

To, malam shugaba, a ina za mu ja layi? A zaman kwamiti na ji wani ya ce a tsaya a kan waɗanda suka zo kafin rasuwar Mafindi. Wani ya ce 1960. Wani ya ce 1991. Na lura kuma kowa shekarar da ya kawo, kakansa yana cikinta da ɗan rata kaɗan. A nan ne ni nake jin tsoro. Muna kuka wasu sun raba 'yan Nijeriya gida biyu, ɗan asali da baƙo, sa'an nan mu dawo cikin zaurenmu mu raba kanmu gida biyu, mai takarda da marar takarda? Gobe in an zo zaɓen shugaban ƙungiya, ko rabon rumfuna, ko neman aure, wallahi sai wani ya zaro takardar nan ya ce ai mu ne tsofaffin gida. Mutumin da ya zo a 1992 yana biyan kuɗin ƙungiya, yana zuwa jana'iza, ya haifi 'ya'ya takwas a Sabon Gari, za mu ce masa ya jira a waje? Shawarata ita ce kada a ja layi ko kaɗan. A rubuta kowa. Wanda kakansa ya zo zamanin Nya a rubuta haka, wanda ya zo bara a rubuta haka, takarda iri ɗaya, launi ɗaya, ba mai lamba ɗaya ba mai lamba biyu. Shekara za ta faɗi kanta, ba sai mun yi mata kirari ba.

Wanda ya kawo shawarar ya ce a Amurka ana yin irin wannan, kuma gaskiya ya faɗa. Suna da ƙungiyar zuriyar waɗanda suka sauka a jirgin Mayflower a 1620, an kafa ta a 1897. A jihohinsu kuma akwai ƙungiyoyin binciken asali da ke ba da takarda ga jikokin mazaunan farko. A jihar Ohayo, alal misali, sai ka tabbatar kakanka yana can kafin ƙarshen 1820. Abu biyu nake so mu lura da su. Na farko, ba a karɓar “an ce”. Kowace gaɓa, daga kai zuwa mahaifinka, daga shi zuwa nasa, sai ka kawo takardar haihuwa ko ta aure ko ta gado. Na biyu, kuma shi ne babba, takardar ba ta ba ka aiki, ba ta rage wa ɗanka kuɗin makaranta, ba ta ba ka fili. A bango ake rataye ta. Shi ya sa su za su iya jan layi su kwana lafiya, mu kuwa a ƙasar da takarda ke raba arziki ba za mu iya ba. Su ma ɗin, in ka duba, waɗanda suke kira mazaunan farko sun tarar da mutane a wurin, jajayen Indiyawa, kuma takardar ba ta ambace su ba. Wannan ɓangaren kada mu kwaikwaya.

Tsananin binciken nasu dai ya kamata mu ɗauka, mu kuwa muna da shi a gida tun kafin su. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san yadda malaman hadisi ke bin isnadi, wane ya ji daga wane, su ware ingantacce su ware mai rauni. Haka za mu yi. Littafin ya kasance da gurbi biyu, ɗaya na abin da aka tabbatar, ɗaya na abin da aka ji a baki. Domin ina gaya muku, ranar da aka fara zagayawa gidaje za ku sha mamaki: kowa kakansa ɗan sarki ne da ya nemi sarauta ya rasa ya yi fushi ya bar gari. Ban taɓa jin wanda ya ce kakansa ɗan dako ne ko mai jaki ba. In duk 'ya'yan sarki ne suka taho, to wa ya ɗauko musu kayan? Ku yi dariya, amma maganar tana da nauyi, domin addininmu ya yi hani mai tsanani a kan mutum ya jingina kansa ga uban da ba nasa ba. Wannan hanin ya hau kan mai ƙara wa kakansa rawani, ya kuma hau kan wanda ke sauya sunan mahaifi ko sayen takardar wani gari don ɗansa ya sami gurbi. Na san matsi ne ke kai mutane, amma ƙungiya kada ta sa hatiminta a kan ƙarya ko ta wane ne.

Me za a karɓa a matsayin shaida? Ku koma gida ku buɗe tsofaffin adakoki da gafakar malam. Rasit na haraji, takardar sayen gida ko gona, takardar rabon gado daga kotun alƙali, wasiƙun ajami, fasfo na aikin hajji, takardar sallama ta waɗanda suka je yaƙin Hitila, rajistar makarantar elementare, har da bangon littafi inda malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu. Samarinmu da ke karatu a Kaduna da Zariya su leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, su nemi takardun lardin Muri da na Adamawa. Inda babu takarda, a kawo shaidu biyu dattawa, ɗaya kada ya zama ɗan gidan. In ma so samu ne, ya kasance maƙwabci Bafulatani ko Bamumuye ko mutumin Kona, domin shaidar wanda ba naka ba ta fi nauyi. Tsoho in bai san shekara ba kada a matsa masa ya ƙirƙiro. A tambaye shi wane sarki ke kan gado, kafin yaƙin basasa ne ko bayansa, kafin a koma tuƙin hannun dama a 1972 ne, da sule ake ciniki ko an shiga naira a 1973. Kowace takarda a ɗauki hotonta da waya a mayar wa mai ita a take, kada a tara na mutane a ofis. Littafin kuma a yi shi kwafi uku a ajiye wuri uku. Waɗanda ambaliyar 2005 ta shiga gidajensu, shekarar da gadar Nukkai ta karye, sun san abin da nake nufi, ban da gara da gobara.

Iyayenmu mata, yanzu maganar ta zo kanku. Samfurin da aka nuna mana, sunayen maza ne zalla daga sama har ƙasa. Wannan kuskure ne babba. Da farko dai ku ne kuka san zuriya. Namiji in ya kai kakansa na biyu sai ya fara tari, amma tsohuwa za ta lissafa maka wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Sa'an nan kun ji abin da na ce tsarin mulki ya faɗa: uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni. To, mu nawa ne a zauren nan da kakarmu mace Bafulatana ce, ko Bamumuya, ko 'yar Kona, ko Wurkun, ko Jenjo? Fataken da suka zo ba da mata suka zo ba, a nan suka yi aure. Amma sai ka ga mutum yana ɓoye wannan kamar abin kunya, ya bar danginsa na uwa a ƙauye ba ya zuwa gaisuwa, sai ranar da ɗansa ke neman takarda ya tuna da su. A rubuta sunanta, da sunan da iyayenta suka raɗa mata in an sani, da ƙauyensu. Zumunci ne da Allah ya wajabta, kuma hujja ce a gaban doka. 'Ya'yanmu mata da ke aure a wasu jihohi su ma a rubuta su, don ita mace a wannan tsari nata ya fi wuya. A 2012 sai da aka dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an haife ta 'yar Anambra, ta yi aure da aiki a Abiya, kafin daga baya a rantsar da ita. In alƙaliya ta sha wannan, ina ga 'yar mai hatsi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kada a yi masa gurbi a littafin: wa ya zo da 'yanci, wa aka kawo. Kowa ya san zamanin da ake magana a kai. Allah ya rufa asiri, an yi auratayya, an zama ɗaya. Mai rubutu ya rubuta suna da gari da sana'a da zamani, ya wuce.

Game da kalmomin da za a buga a jikin takardar, kada a sa “waɗanda suka kafa gari”, kada a sa “masu ƙasa”, kada a ambaci iyakar fili ko gona. A rubuta a ƙasanta ɓaro-ɓaro, da Hausa da Turanci, cewa wannan shaidar zuriya ce ta ƙungiya, ba takardar ƙaramar hukuma ba ce. Kafin a buga ko ɗaya, dattawa su ɗauki samfurin su kai fadar Mai Martaba Sarkin Muri, su kai wa shugabannin ƙaramar hukuma, su kai wa Kuru Kona da dattawan Mumuye, a ce ga abin da muke nufi, ga abin da ba mu nufi ba. Gara su ji daga bakinmu da su ji a tasha an ƙara gishiri. Kada kuma a fara rabon a kakar zaɓe. Sa hannu ya zama na mutum uku, kuɗin ya zama kaɗan kuma da rasit, marayu da zawarawa kyauta.

Wani zai ce, to Alhaji, in takardar ba ta ba da aiki, mene ne amfaninta? Amfaninta yana nan. Ƙa'idar da na karanta muku ta bar ƙofa, ta ce ko wanda ƙaramar hukuma ta karɓa. Yaron da ya je gaban mai unguwa da sunayen kakanni huɗu, da unguwar da suka zauna, da rasit na harajin da suka biya, da shaidar maƙwabta, ba daidai yake da wanda ya je da baki kawai ba. Wanda kuma dole ta sa ya koma garin kakansa, aƙalla ya san unguwa da gidan da zai yi sallama. Mu tuna da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Ankara: a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, aka kwaso har da waɗanda a can aka haife su. Mu tuna da Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, wanda a Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da aka je kotu aka bi asalinsa kafin a tabbatar masa da ƙasarsa. Rubuta mutane ba bidi'a ba ce. Sayyidina Umar ya kafa diwani aka rubuta mutane gida-gida. Kuma a Madina an san Muhajirai an san Ansar, an san Salmanu mutumin Farisa ne, Bilalu mutumin Habasha, ba a goge asalin kowa ba, ba a kuma hana kowa zama ɗan gari ba.

Maganin ciwon na gaskiya yana wurin gyaran doka, yadda zama da haihuwa da biyan haraji za su ba mutum haƙƙi. Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha, ko ya yi aure a cikinta, matsayin ɗan jiha, amma suka ta yi yawa ya janye shi a 2025. In irinsa ya sake tasowa ya kamata ƙungiya ta rubuta wa wakilanmu. Sai dai mu sani, abin da muka roƙa wa kanmu a Taraba dole mu yarda da shi ga Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano, da ɗan Mumuyen da aka haifa a Gusau. Ba kuma sabon abu ba ne a wurin kakanninmu. Ga Abakwariga nan a Wukari, asalinsu Hausawa ne, sun daɗe har sun shiga cikin al'adar Jukun. A Kano ga Tudun Nufawa ga Zangon Barebari ga Ayagi, unguwar Yakasai ma ana danganta asalinta da Kwararrafa, kuma Kanawa sun zaɓi Sabo Bakin Zuwo gwamna a 1983 alhali kowa ya san asalinsa Banufe ne.

Malam shugaba, abin da nake roƙon taro ya amince da shi yau shi ne a fara littafin, a jinkirta buga takardar har dattawa su dawo daga ziyarce-ziyarcen da na ambata. A fara da tsofaffin da suka haura shekara 80, maza da mata, a Sintali da Turaki da Majidaɗi da Barade da Sarkin Dawaki, domin daga azumin bara zuwa yau kun san ko nawa muka kai makwanci. Ana bukatar samari goma masu kyakkyawan rubutu, biyu daga ciki su iya karanta ajami, da 'yan mata huɗu da za su shiga cikin gida wurin iyayenmu. Kuɗin littattafai da na mota na watan farko ni na ɗauka. Mai so ya ba da sunansa wurin sakatare kafin a tashi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.